Mutumin Da Ya Yi Zane Da Shara

'Yan uwana mata, akwai wani yaro da ke zagayawa layinmu da buhu a kafaɗa yana neman tsofaffin robobi da gwangwanaye. Shekara biyu ina tara masa kaya a bayan ƙyaure, amma wallahi da za a ce in siffanta fuskarsa ba zan iya ba. Wannan abu bai taɓa damuna ba sai da na kalli wani fim mai suna Waste Land, wanda wata Baturiyar Ingila, Lucy Walker, ta fitar a 2010. Labarin da ke cikinsa ya faru da gaske, shi ne nake son ba ku.

Vik Muniz mai zane ne ɗan ƙasar Burazil, an haife shi a Sao Paulo a 1961, a gidan talakawa. Yadda ya bar gida ma kamar a littafi. Ya je raba faɗa ne aka harbe shi a ƙafa bisa kuskure, wanda ya yi harbin ya ba shi kuɗi, da kuɗin nan ya tafi Amurka a 1983. Ita kuwa Burazil ba ta soke bauta ba sai a 1888, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka, kuma jikokin bayin nan su ne suka fi yawa a unguwannin marasa galihu.

A 1996 ya je tsibirin St. Kitts, ya ga 'ya'yan masu aikin gonar rake suna ta wasa da fara'a, iyayensu kuwa wahala ta cinye musu fuska. Da ya koma sai ya samo baƙar takarda ya riƙa barbaɗa sukari a kai har kamannin yaran suka fito. Ke 'yar uwa ki duba wannan hikima! Sukarin da masu hali ke zubawa a shayi, shi ne ya shanye zaƙin rayuwar waɗanda suka noma shi. Mai kallo zai iya gane wannan da kansa.

To amma babban aikin shi ne na Jardim Gramacho, wata makekiyar bola a gefen birnin Riyo, inda a wancan lokacin motoci ke juye dubban tan na shara kullum, mutane maza da mata suna tsince-tsince dare da rana don su sayar. Muniz ya zauna da su, ya ɗauki wasu hoto. Sai a haska hoton a daɓen wani ƙaton sito, su da kansu su bi layin fuskarsu suna jera murafan kwalba, tsofaffin takalma, tayoyi da yagaggun tufafi. In an gama sai a hau sama a sake ɗauka. Daga nesa mutum za ki gani mai kwarjini, in kin matso ki ga ashe tarkace ne.

Shugaban ƙungiyarsu, Sebastiao dos Santos da ake kira Tiao, an tsinci tsohon bahon wanka a bolar ya kishingiɗa a ciki, aka kwaikwayi wani shahararren zane na Faransa na 1793, na Marat, ɗan juyin juya halin da aka kashe a wurin wanka. A 2008 aka yi gwanjon hoton a Landan a kan fam 28,000, kuɗin kuma aka mayar wa masu tsintar. Tiao yana wurin, ya fashe da kuka. Ni ma dai sai da na share hawaye da gefen zane.

Sai dai fa abu ɗaya ya tsaya mini a rai, kuma matar Muniz ta lokacin ta faɗe shi a cikin fim ɗin. In ka ɗauko mutum daga bola ka nuna masa Landan, sannan ka mayar da shi, me ka yi masa? Ni kuma na ƙara da tawa: wa ya sayi hoton? Mai kuɗi ne, irin waɗanda sharar gidajensu ce ta taru ta zama Gramacho, ya biya ya rataye talauci a falonsa. Na kwana ina juya wannan. Duk da haka ba zan ce aikin banza ba ne, don na ga yadda matan nan suka tsaya gaban hotunansu a gidan nune-nune na Riyo suna kallon kansu, har da wadda ta ce da can kunya take ji ta faɗa wa dangi sana'arta.

A 2010 Burazil ta yi dokar kula da shara wadda ta ambaci masu tsinta a matsayin masu sana'a, bayan shekaru ƙungiyoyinsu suna fafutika. A watan Yuni na 2012 aka rufe Gramacho, aka ba waɗanda aka yi wa rajista kuɗin sallama, da yawansu kuma suka wayi gari babu wurin neman abinci.

Yaron layinmu ya zo ranar Talatar da ta wuce. Na ce masa, "Kai ɗan nan, ya sunanka?" Sai da ya waiga baya tukuna, yana tsammanin da wani nake.