Cinikin Abokan Karawa a Zari-Rugar Jami'o'in Amurka

A wasan zari-ruga na jami'o'in Amurka, babu hukuma guda da ke rubuta wa kowa jadawali. Tun wasan farko, wanda Rutgers ta yi da Princeton ranar 6 ga Nuwamba 1869, makarantu ne ke neman junansu. Da 'yan kallo suka yawaita, sai kuɗin ƙofa ya zama abin ciniki: mai masauki ya kan yanka wa baƙo wani kaso, ko ya yi masa alkawarin adadi tsayayye. Daga baya jami'o'i suka haɗu rukuni-rukuni, kamar Big Ten a 1896 da SEC a 1932, kowane rukuni yana tsara wasannin 'ya'yansa.

Talabijin ce ta canza lissafin. Tun farkon shekarun 1950 hukumar NCAA ke riƙe da ikon sayar da wasanni ga gidajen talabijin, har jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 1984. Daga nan kowa ya kama gabansa. Notre Dame, wadda ba ta cikin kowane rukuni a wannan wasa, ta ƙulla da gidan talabijin na NBC ita kaɗai daga 1991. A 2022 Big Ten ta sayar da wasanninta na shekara bakwai a kan kusan dala biliyan 7.

Tun 2006 kowace babbar ƙungiya na buga wasa 12 a kaka. Takwas ko tara na rukuni ne, ragowar kuma shugaban sashen wasanni ne ke nemo su. Idan manya biyu za su haɗu, yarjejeniyar ita ce bana a gidana, baɗi a gidanka, kuma akan sa hannu shekara goma kafin ranar, lokacin da 'yan wasan da za su buga suna firamare. Amma jami'a irin Michigan, mai filin da ke cin mutum sama da 100,000, asara ce gare ta ta yawaita fita, don haka tana son wasa bakwai a gida. Mafita ita ce ta biya ƙaramar makaranta ta zo, ba tare da ramuwar ziyara ba. Babba ta samu tikiti da nasara mai sauƙi, wadda ke da amfani tunda sai da nasara shida ake shiga wasannin ƙarshen kaka. Ƙarama kuwa ta sha kashi, ta koma da cekin da ke ɗaukar nauyin sauran wasanninta.

Wani lokaci reshe kan juya da mujiya. Ranar 1 ga Satumba 2007 Michigan ta biya Appalachian State dala 400,000, baƙuwar ta doke ta 34 da 32 a gaban jama'arta. A 2024 Northern Illinois ta karɓi dala miliyan 1.4 daga Notre Dame, ta kuma ci ta 16 da 14, abin da ke nuna yadda farashin ya ninka.

Annobar korona ta nuna cewa doguwar yarjejeniyar nan al'ada ce kawai. A Disambar 2020 BYU da Coastal Carolina sun shirya wasa cikin 'yan kwanaki, aka buga, Coastal Carolina ta ci 22 da 17.