Daga Dandalin Samariya zuwa Teburin Mahawara

Kafin talabijin ta iso Madarunfa, rediyo ce ta koya mana zaman sauraro tare. An buɗe Rediyo Nijar a 1958, a 1962 kuma aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro, inda manoma ke taruwa su ji shiri, su tattauna, a naɗi muryoyinsu a kai Yamai. Daga kudu kuwa Rediyon Kaduna na ƙetaro mana iyaka, kuma daga baya shirinta na Hannu Da Yawa ya nuna mana cewa ana iya zaunar da mai mulki a yi masa tambaya da Hausa.

Ita talabijin, aikin malanta ta fara da shi a 1964, tana koyar da yaran firamare da taimakon Faransa. Sai a 1979, zamanin mulkin Seyni Kountché, Télé-Sahel ta zama ta kowa. Gwamnati ta raba akwatuna masu aiki da hasken rana a garuruwa, ana girke su a dandalin samariya, yara a gaba, manya a baya. Hira a wancan lokaci ta mutum ɗaya ce: minista ya yi bayani kan damina ko farashin hatsi, ɗan jarida, wanda shi ma ma'aikacin gwamnati ne, ya yi godiya.

Babban taron ƙasa na 1991, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, shi ya sauya wannan. Ta rediyo muka ji ana tuhumar manyan jiya da sunayensu, kunnenmu ya saba da jayayya. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, duk mai canjin naira a Ɗan Isa da duk mai sayar da wake a kasuwar Maraɗi ya gane cewa shawarar da aka yanke a nesa tana taɓa aljihunsa. A shekarun ne rediyoyi masu zaman kansu irin su Anfani suka buɗe layin waya ga masu sauraro.

A 2000 Ténéré ta zama talabijin mai zaman kanta ta farko, Dounia ta biyo a 2007, sannan Canal 3 da Bonferey da Labari. A lokacin ne tsarin mahawara da muka sani ya zauna: mai gabatarwa a tsakiya, wakilin masu rinjaye a gefe guda, na adawa a ɗaya gefen, sai ɗan ƙungiyar farar hula ko ta ƙwadago, kowa da mintocinsa. Ana buɗewa da batun mako, a rufe da kalmar ƙarshe ta kowane baƙo. Rikicin tazarce na 2009 ya nuna ƙarfin wannan teburi, har hukumar sadarwa ta CSC ta dakatar da Dounia. A 2010 aka soke ɗaurin ’yan jarida kan laifin aikinsu, mahawara ta ƙara buɗewa.

A wajenmu dai siyasa da kasuwa zance ɗaya ne. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin ƙungiyar CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wanda ya haɗa da yanke wutar lantarki, sun tabbatar mana da haka. Sai dai mafi yawan waɗannan shirye-shirye a Yamai ake yin su, galibi da Faransanci, mu kuwa guntayensu muke kallo a waya. Ya kamata gidajen talabijin su kawo teburin nan Maraɗi, su zaunar da ɗan kasuwa da manomi da jami'in duwan, a yi maganar iyaka da Hausa a gaban waɗanda take ci wa tuwo a ƙwarya.