Duniyar “Da A Ce”: Aljanu, Binciken Laifi da Alhakin Yuraniyom a Arlit

Masu shirya wasannin talabijin masu dogon zango a Amurka suna da wata al'ada. Idan shiri ya yi nisa, 'yan kallo sun saba da taurarinsa, sai a ware kashi guda a rushe tarihin da aka gina, a nuna yadda rayuwarsu za ta kasance da a ce wani abu guda bai faru ba. Fitaccen misalin dabarar a sinima shi ne *It's a Wonderful Life* na Frank Capra, na 1946, inda mala'ika ya nuna wa wani mai shirin kashe kansa yadda garinsu zai zama da ba a haife shi ba. Dabarar ta samu gindin zama a shirye-shiryen da suka haɗa binciken laifi da halittun ɓoye, domin a can ba a rasa mai ikon juya zamani, aljani ne ko matsafi. Da'awar wannan maƙala ita ce, irin wannan kashi yana yin ɗayan aiki biyu: ko ya rarrashi mai kallo, ko ya ɗora alhaki a wuyan wani. Na biyun ne ya cancanci marubutan Hausa su ara. Za a auna da'awar da garuruwan yuraniyom na jihar Agadas, wato Arlit da Akokan da karkarar Gugaram da ke cikin gundumarsu.

A fara da mai rarrashin. Ranar 28 ga Mayun 2018 tashar Fox ta nuna wani kashi na shirin *Lucifer* mai suna “Once Upon a Time”, bayan ta riga ta sanar da cewa ta dakatar da shirin. Jarumar, Chloe Decker, 'yar sandan ciki ce a Los Angeles, kuma ta shiga aikin ne saboda an harbe mahaifinta, shi ma ɗan sanda. A wannan kashi harsashin bai kashe uban ba. Chloe ta ci gaba da sana'arta ta fim, sauran taurarin kowa ya faɗa wata rayuwa daban. Duk da haka sai ga gawa, sai ga Chloe da abokin bincikenta Lucifer sun haɗu a kanta suna neman wanda ya yi kisan, kamar yadda suka saba. Mai ba da labarin marubuci Neil Gaiman ne, kuma an jingina muryarsa ga Mahalicci, abin da Musulmi ba zai lamunta ba, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano kuwa ko sauraren mai kawo shi ba za ta yi ba. Ginin labarin ne ya dame mu a nan. An canza musabbabi, sakamako bai motsa ba. Mai kallo ya tashi da daɗin cewa masoyan nan dole su haɗu ko ta wace hanya. Amma shirin da kowane mako yake neman mai laifi ya yi wa kansa illa da wannan saƙo, domin idan abin da mutum ya aikata ba ya canza komai, babu dalilin kama kowa.

Shekaru goma sha ɗaya kafin nan, a Mayun 2007, shirin *Supernatural* ya bi wata hanya a kashin “What Is and What Should Never Be”, na zango na biyu. Dean Winchester, mafaraucin halittun ɓoye, ya bi sawun wani aljani har cikin wani kangon sito, ya farka a duniyar da mahaifiyarsa ba ta mutu ba, ƙanensa Sam yana karatun lauya, shi kuma yana zaune lafiya da budurwarsa. Sannu a hankali ya gano cewa jirgin saman da suka taɓa cetowa ya faɗi a wannan duniyar, mutanen da suka kuɓutar duk sun mutu. Jikinsa na gaskiya kuwa yana rataye a siton, an soka masa allura ana zuƙe jininsa. Aljanin shirin, mai zane-zane a fata da shuɗin haske a hannu, bai yi kama da wanda Bahaushe ya sani ba. Abin ɗauka shi ne cewa duniyar “da a ce” ta zama littafin lissafi: ga wanda ya rayu saboda abin da ka yi, ga wanda zai mutu da ba ka yi ba. Mafarkin mai daɗi kuma shi ne kayan aikin mai laifin.

Wanda ya san tarihin Arlit zai ji wannan ya taɓa shi. A 1957 Faransawa suka gano yuraniyom a Azelik, aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ma'adinin a Arlit a 1971 daga ramuka masu buɗaɗɗen baki. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a 1978 a ƙarƙashin ƙasa, zurfin kusan mita 250, garin Akokan ya tashi a gefensa. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa, aka kawo wuta daga tashar kwal ta SONICHAR. Albashi ya ja mutane daga Damagaram da Maraɗi da ƙasashen maƙwabta, har ake ce wa garin Paris ta biyu, laƙabin da Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya sa wa fim ɗinsa na 2005. Lokacin da ya ɗauki fim ɗin farashin yuraniyom ya daɗe da faɗuwa, an rage ma'aikata, tsofaffin leburori suna lissafin abokan aikinsu da suka rasu. Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi ritaya daga aikin ma'adinin, ta koma garin da kyamara ta fito da *La Colère dans le vent* a 2016. Kwatancin da aljanin sito yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta: ma'aikatan Arlit ba barci suke ba, magidanta ne da suka ga halal suka bi. Abin da aka rage musu shi ne bayanin abin da suke shaƙa.

Akwai ƙorafi biyu masu nauyi a kan ɗauko wannan dabara zuwa fim ɗin Hausa. Na farko na addini ne. Kowane ɗalibin zaure ya san hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya hana mutumin da musiba ta samu ya riƙa cewa da ya yi kaza da kaza bai faru ba, domin hakan ƙofa ce ta Shaiɗan. Sai dai hadisin ya fara ne da kwaɗaitarwa a kan neman abin da zai amfani mutum da barin kasala, kuma Bukhari ya ware babi guda a kan wuraren da irin wannan magana ta halatta. Abin da aka hana shi ne cizon yatsan da ke jayayya da hukuncin Allah. Binciken sababi kuwa fiƙihu bai taɓa barinsa ba, da shi ake yanke diyya da ramuwa. Batun ma ya zo daidai kan ma'adini. A Muwaɗɗa akwai hadisin da ya nuna cewa wanda rijiya ko ramin ma'adini ya halaka, ba a bin kowa jininsa. Amma Imamu Malik ya yi bayani cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, inda bai halatta ya haƙa ba, shi ke da alhakin duk wanda ya faɗa. Alƙalin da zai raba tsakanin waɗannan biyun dole ya tambayi kansa ko mamacin zai mutu da ba a yi haƙan a wurin ba. Tambayar kashin “da a ce” ke nan, a bakin alƙalin Malikiyya.

Ƙorafi na biyu ya fi wuyar amsawa. Idan marubuci ya zana Gugaram da Arlit da ba a taɓa gano yuraniyom ba, zai so ya cika allon da raƙuma da ciyawa da rijiyoyi masu zaƙi. Wannan ƙarya ce. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun ƙarar da dabbobin Abzinawa ba tare da neman izinin wani kamfani ba, kuma da yawa daga waɗanda suka kafa bukkoki a gefen Arlit yunwa ce ta koro su. Duniyar da babu ma'adinin duniya ce da babu kwaltar, babu asibitocin, babu kuɗin da gwamnatin Seyni Kountché ta yi gine-gine da su a Yamai. Wanda ya share yuraniyom ɗungurungum ya canza abubuwa dubu a lokaci guda, ba zai iya cewa wanne ya jawo wanne ba.

A nan ne dabarar ke da darasi, har a kashin *Lucifer* da muka kushe: abu guda ake canzawa, ƙarami, kamar harsashi. Tarihin Arlit cike yake da irin waɗannan ƙananan mararrabai. A Disambar 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo garin bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen. An riƙe manyan na'urorinsu a filin jirgin Yamai, amma da ƙananan da suka rage sun tarar da tarkacen ƙarfe mai ɗauke da gubar nukiliya ana sayarwa a kasuwa. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta yi awo, rahotonta na 2010 ya ce huɗu daga samfuran ruwa biyar sun haura ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a wani titi na Akokan, inda aka yi ciko da duwatsun da aka fitar daga rami, awon ya kai kusan ninki 500 na abin da aka saba. Kamfanin Areva na Faransa, mai hannun jari a kamfanonin biyu, wanda ya koma Orano a 2018, ya sha cewa abin da ke isa jikin mazauna bai wuce iyakar doka ba. A ɗauki bututu guda. Ya fito daga masana'anta a bayan mota, dillali ya saya, maƙeri ya yanka ya buge, wani yanki ya zama ƙyauren ɗaki, wani ya zama abin tara ruwa a tsakar gida inda yara ke wasa. Kashin da zai nuna duniyar da mai gadi ya tsayar da motar a bakin ƙofa, sannan ya bi gidan nan guda a duniyoyin biyu, ya yi aikin da rahoto mai shafi sittin ba zai yi ba. Makiyayin Gugaram kuma a ba shi tasa mararrabar: rijiyarsa, da tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa da masana'antu ke zuƙa, wanda damina ba ta mayar da shi.

Me ya sa sai wasan kwaikwayo? Saboda hanyoyin da aka tanada don amsa tambayar sun cije. A wancan zamanin manyan asibitocin garuruwan na kamfanonin ne. Cibiyar sa ido kan lafiya da aka kafa a jihar Agadas a ƙarshen 2011, bayan yarjejeniyar Areva da ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, ba ta yi nisa ba Sherpa ta janye a Disambar 2012, tana ganin an mayar da abin talla. Shari'ar Serge Venel ta nuna sauran. Bafaranshe ne da ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa tsakiyar shekarun 1980, sankarar huhu ta kashe shi a 2009. A Mayun 2012 wata kotu a Melun ta ɗora wa Areva laifi, a Oktoban 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa COMINAK ne ya ɗauke shi aiki, ba Areva ba. Idan iyalin Bature mai takardun asibiti da lauya sun ƙare a haka, ana iya ƙiyasta rabon leburan da ya koma ƙauyensu da tari. Masaniyar tarihi Gabrielle Hecht ta nuna a littafinta *Being Nuclear* na 2012 yadda rashin ajiye bayanan lafiya ya sa cutar ma'aikatan yuraniyom na Afirka ta zama kamar ba ta taɓa faruwa ba.

Saura matsayin aljanu. Guba ce da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, tana shiga gida ta zauna shekaru kafin ta nuna kanta, don haka harshen iskoki ya dace da ita ƙwarai. Abzinawa suna da Kel Essuf, mazauna dajin da babu kowa, kuma fim ɗin *Zerzura* na 2017 da aka ɗauka a Agadas ya nuna cewa ana iya sa aljanun sahara a allo da kuɗi kaɗan. Haɗarin shi ne ɗabi'ar da ta yi katutu a finafinanmu, inda ciwon da ba a gane ba yake zama sammu ko shafar aljanu, malam ya yi ruƙiyya, labari ya ƙare. Idan aljani ne ya kawo tarin, an wanke injiniya da manaja da minista. A ganina aikinsa ɗaya ne: ya buɗe wa mai bincike ƙofar ɗaya duniyar, ya zama shaidan da ya ga abin da aka binne, sannan ya koma gefe. Sa hannun da ke kan takardar fitar da tarkacen na ɗan Adam ne.

Masana'antar fim ɗin Hausa tana da ƙarfin yin haka. *Kwana Casa'in* na Arewa24 ya ƙirƙiri jihar Alfawa don ya faɗi abin da ba ya faɗuwa a kan jihohin gaske, 'yan kallo kuma sun gane. An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 20 a gefen Akokan, kuma waɗanda suka san yadda aka tara ta suna tsufa. Marubucin da zai je ya saurare su kada ya tsaya a kan Faransa kaɗai. Gwamnatin Nijar ta riƙe kashi 36.6 cikin ɗari na SOMAIR ta hannun kamfaninta SOPAMIN tun kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma a Yunin 2025 ta sanar da mayar da kamfanin mallakar ƙasa. Mai binciken da ke cikin labarin ya kai tambayoyinsa har Yamai.