Yadda aka yanka iyakarmu da kwamfas

Mun saba ƙetare iyaka a Ƙonni ko Ɗan Isa, amma kaɗan cikinmu suka san yadda aka zana ta.

A 1890 Faransa da Ingila suka ja layi a kan taswira daga Say zuwa Barwa, bakin tafkin Cadi, alhali ba su taka mafi yawan ƙasar ba. A 1898 suka koma teburi: aka kafa ƙafar kwamfas a Sakkwato, aka zagayo da mil 100, wajen kilomita 160. Ƙonni da Madawa suka faɗa wajen Ingilishi. Faransawa kuwa suka tarar hanyarsu ta zuwa Damagaram ba rijiyoyi. To, ƙishirwa ce ta sa aka gyara layin a 1904 da 1906, ba wai don an tambayi kakanninmu ba. Daga nan Tilho da O'Shee suka bi daji, 1906 zuwa 1908, suna auna taurari da dare, suka kafa alamomi 148.

Ko wajen ƙirga ma ba su daidaita ba. Faransawa na farawa daga layin Paris, Ingilishi daga Greenwich, tsakaninsu digiri 2 da minti 20, kusan kilomita 250 a nan wajenmu.

Abin bai ƙare ba. GPS na salularmu yana aiki da WGS 84, tsofaffin taswirori da Clarke 1880. Ka karanta lamba a tsohuwar takarda, ka zuba ta cikin salula ba ka juya ba, alamar na iya gocewa da mitoci masu yawa, ta sauka cikin gonar maƙwabci.