Tagwaye, Kufai da Fatalwa: Tarihin Wani Wasan Tsoro



Kwanakin baya na kwana a Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo, wurin wani ƙanena da har yau yake riƙe da tsohuwar PlayStation 2. Bayan sallar isha'i ya tayar da janareto, ya kunna mini wani wasa, ya ce in na kai sha biyun dare ban ajiye ba, tsirena na gobe a wuyansa. To, ban ci tsiren nan ba. Sunan wasan Fatal Frame II, kuma tsoron da ya ba ni ne ya sa na bi sawun tarihinsa, don na ga akwai darasinmu a ciki.

Irin waɗannan wasanni na tsoro da neman tsira sun daɗe. A 1989 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Sweet Home, labarin mutum biyar da suka maƙale a wani gida mai fatalwa. A 1992 aka yi Alone in the Dark a Faransa. Sai 1996 Capcom ya sake fitowa da Resident Evil, wanda ya yaɗa salon a duniya: harsashi kaɗan, magani kaɗan, ƙofofi a kulle. A 1999 kamfanin Konami ya biyo da Silent Hill. Abin lura, waɗannan biyun na ƙarshe Japanawa ne suka yi su, amma garuruwan ciki na Amurka ne, jaruman ma Amurkawa ne riƙe da bindiga.

A 2001 wasu ma'aikatan kamfanin Tecmo, Makoto Shibata da Keisuke Kikuchi, suka juyo gida. Suka gina wasansu a kan tsohon gidan Japanawa da fatalwowin da kakanninsu ke ba da labari. Suka ajiye bindiga, suka ba yarinya kyamara. Da hoto ake korar fatalwa, kuma hoton ya fi yi mata illa in ka bari ta matso daf da kai. Wato dole ka tsaya ka kalli abin da zuciyarka ke cewa ka guje masa.

Kashi na biyu ya fito a 2003. Masu wasan sun lura cewa mutane da yawa tsoro ya hana su kai na farko ƙarshe, sai suka ƙarfafa labarin, yadda son jin ƙarshe zai rinjayi fargaba. Tagwaye ne mata, Mio da Mayu, suka je ganin dajin da suka yi wasa suna yara, kafin ruwan madatsa ya shanye shi. Mayu, wadda ke ɗingishi tun wani faɗuwa da ta yi a yarinta, ta bi wani jan malam-buɗe-littafi, suka faɗa wani ƙauye da ya ɓace. A ƙauyen akwai al'adar da ke sa ɗaya daga cikin tagwaye ta shaƙe 'yar uwarta. Daga nan tambayar ta tashi daga "zan tsira?" ta koma "me zan yi da 'yar uwata?" Wannan tambayar ce ta hana ni barci.

Ba Japanawa kaɗai suka gano wannan hanya ba. A birnin Bandung na Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, wani ƙaramin kamfani mai suna Digital Happiness ya fitar da DreadOut a 2014, kashi na biyu kuma a 2020. Jarumar 'yar makaranta ce mai wayar hannu, cikin abin da ke bin ta har da gawa ɗaure cikin likkafani, abin tsoron mutanen can tun kaka da kakanni.

Yanzu mu dawo gida. Wane kaya ne a cikin Fatal Frame II da ba mu da shi? Tagwaye? Wa bai ji tsofaffi na cewa kada a ɓata wa Hassana da Usaina rai ba, don kada su turo kunama? Ƙauyen da ruwa ya ci? An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa da ke Ƙaraye, maƙwabciyar Gwarzo, a 1992, kuma an tashi mutane daga gidajensu da gonakinsu. Akwai waɗanda kabarin iyayensu ke ƙarƙashin ruwa a yau. Ga kufai, ga tsohuwar rijiya, ga gindin tsamiya da kuka da ake hana yara zuwa da tsakar rana. Tun 1911 Frank Edgar ya fara buga tatsuniyoyinmu, da Dodo a ciki, a 1914 kuma Tremearne ya rubuta littafi sukutum a kan bori. Baƙi sun ga darajar kayan fiye da shekara ɗari da ta wuce.

Duk da haka, sau nawa muke buɗe labarin tsoro na Hausa mu tarar da katafaren gida mai bene da mace mai farar riga da dogon gashi, an kwaso daga fim ɗin Indiya? Mai karatu a Kabo ba zai waiga bayansa saboda ita ba. Amma rubuta masa sallamar da aka yi a zaure da tsakar dare, da muryar wanda aka binne da la'asar, ka ga ko zai fita kama ruwa. Malamai sun faɗa mana mamaci ba ya dawowa, aljani ne ke shiga siffarsa. Wannan ma ƙarin tsoro ne ga mai alƙalami, don uwar da ta ji muryar ɗanta ta san ba shi ba ne, amma zuciyarta na son buɗe ƙofa.

Tsofaffin da suka san sunayen unguwannin da ruwa ya rufe suna ta ƙarewa. Wanda ke da kaka a raye, ya je ya zauna da ita a makon nan, ya tambaye ta wurin da aka hana su bi suna yara, da dalilin hanin. Ya rubuta yadda ta faɗa, kada ya gyara mata Hausa.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa, in da rai da lafiya.