Daga Surame Zuwa Matan Fada

Duk lokacin da muka haɗu a taron tsofaffin ɗalibai aka ambaci Argungu, hirar ba ta wuce giwan ruwa da homa da gora. Ni kuwa a ganina mun taƙaita tarihin ƙasar Kabi ƙwarai, mun mai da shi bikin 'yan kwanaki.

Kafin Argungu akwai Surame. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya na Songhai wajen 1516, shi ne ya kafa ta, ya kewaye ta da ganuwar dutse da laka. Kufanta na nan a cikin Jihar Sakkwato ta yanzu. Malamanmu na tarihi, Allah ya saka musu da alheri, sun sa mun haddace sunan Kanta don jarrabawa, amma mu nawa ne muka taɓa taka Surame? Wajen 1700 fadar ta koma Birnin Kebbi, a 1805 kuma mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci garin. Kabawa ba su miƙa wuya ba. Argungu suka koma suka ja daga, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa.

Sai wanda ya san wannan gaba zai gane nauyin shekarar 1934. A shekarar ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don girmamawa. Su dai tsohuwar sana'ar Kabawa ce, ba ranar aka fara ta ba. Sabon abin shi ne jikokin waɗanda suka yaƙi juna sun zauna wuri guda a bakin ruwa suna kallo. Daga nan bikin ya samo asali, ya bunƙasa har UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2016.

To amma biki yakan tsaya. Bayan na 2009 ba a sake yi ba sai 2020. Cikin waɗannan shekaru me muka nuna wa baƙo? Ga Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Argungu da aka mayar gidan tarihi a 1958, da masu da takubba da layun yaƙi da kayan su a ciki. Ga hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu. Babu ɗayansu da ke jiran ranar Matan Fada.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu ita ce a taro mai zuwa a ɗauki hayar mota, a kwashi ɗaliban ajin ƙarshe na makarantarmu, tare da malamin tarihi guda. Daga Gesse zuwa Argungu tafiyar kamar awa guda ce. Ni na ɗauki nauyin mai.