Jirgin Ƙasa a Tarihin Ƙasar Dakoro

Ba a taɓa shimfiɗa taku ɗaya na layin dogo a ƙasar Dakoro ba. Duk da haka, wanda ya nazarci tarihin noma da kiwo da fataucin wannan yanki zai iske sawun jirgin ƙasa a ko'ina, domin tashoshin da aka gina can kudu, a ƙetaren iyaka, su ne suka juya akalar kasuwancin ƙasar nan tun zamanin kakanni.

Kafin zuwan Nasara, babbar hanyar arziki ta Hamada ce. Ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus, ya biyo ta Agadas da Damargu, ya sauke kaya a Kano ko Katsina, ya koma da turkuɗi da fatu da gashin jimina. Goro kuma Gwanja ake zuwa nemansa a kan jakuna, tafiyar watanni. Ana cikin haka Ingilishi da Faransawa suka raba ƙasar Hausa, suka shata iyaka da yarjejeniyar 1906. Katsina da Kano suka faɗa hannun Ingila, Maraɗi da Gobir da abin da ke arewa da su suka faɗa hannun Faransa.

A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni kafin ya kawo, sai ga shi jirgi yana kawowa daga bakin teku cikin ƴan kwanaki, kuma da arha. Nan da nan fataucin Tarabulus ya durƙushe, goro ya koma shigowa ta Ikko, sai ayarin gishirin Bilma ya rage yana kai da kawowa. Ingilishi auduga suka sa rai jirgin zai riƙa ɗauka, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka dukufa a kanta. Daga baya aka miƙa reshe daga Zariya ta Gusau zuwa Kauran Namoda a 1929, wani kuma daga Kano zuwa Nguru a 1930. Waɗannan tashoshi uku, Kano da Kauran Namoda da Nguru, su ne suka zama ƙofofin da kudancin Nijar ke fitar da albarkatunsa.

Su kuwa Faransawa, sun daɗe da burin layin da zai ratsa Hamada daga Aljeriya. Ayarin binciken da suka tura ƙarƙashin Kanar Flatters ya hallaka a hannun Buzayen Hoggar a 1881. An sake farfaɗo da shirin a 1941, aka shimfiɗa ɗan abin da ya samu a arewa, sa'an nan aka watsar. Layukan da suka gina daga bakin teku kuma duk sun tsaya a hanya: na Dakar ya ƙare a Kulikoro ta ƙasar Mali, na Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, na Abijan ya kai Wagadugu a 1954. Dukansu an laƙaba musu sunan Nijar, watau kogin, amma babu wanda ya taka ƙasar Nijar.

Saboda haka ne dukiyar wannan yanki ta riƙa tafiya da ƙafarta zuwa inda jirgi yake. Tun daga shekarun 1930 kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a Maraɗi suna sayen gyaɗa, wadda mutanen nan ke kira gujiya, ana ɗora ta a raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci, zuwa Kano, jirgi ya kai ta Ikko. Da kuɗinta talaka ke biyan haraji, ya sayi tufa da goro. Da gonaki suka ƙuntata a kudu, manoma suka riƙa gusawa arewa suna saran daji, suna haƙa rijiyoyi, suna kafa ƙauyuka har bakin kwarin Tarka, inda da makiyaya ne suka fi yawa. A cikin wannan zamani ne Faransawa suka kafa bariki a Dakoro a 1947. Bayan samun ƴancin kai, gwamnati ta yi dokar 1961 wadda ta shata iyakar noma ta arewa, domin a bar wa dabbobi wurin kiwo. Sulhun da sarakuna ke yi kowace damina tsakanin manomi da makiyayi a kan gona da burtali da mashaya, yana da tushe a wannan ƙaura.

Dabbobi ma haka. Shanun Fulani da na Buzaye da aka saya a kasuwannin arewa, irin su Dakoro da Sakabal, ƴan kora ne ke bi da su ta burtali kwana da kwanaki har su tsallaka iyaka, inda ake loda da yawa daga cikinsu a taragu zuwa mahautan kudu. Sa kan rame a hanya, wani ya faɗi bai kai ba, kuma asarar takan koma kan farashin da aka saya hannun mai kiwo.

Faransawa ba su ji daɗin ganin gyaɗar ƙasarsu tana ciyar da jirgin Ingilishi ba. A shekarun 1950 suka ƙirƙiro wani tsari da suka sa wa sunan tsattsewa, mai zuwa da dawowa: motoci su hauro da kaya daga tashar Paraku, su koma da gyaɗa, kada mota ta yi tafiya wayam. Aka gina gadar Gaya a 1958, aka kafa hukumar haɗin gwiwar jirgin ƙasa ta Dahome da Nijar a 1959. Amma daga Maraɗi zuwa Paraku kusan kilomita 1,000 ne a mota, alhali zuwa Kano bai wuce kimanin 250 ba, don haka sai da tallafi tsarin ya tsaya da ƙafarsa. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA ya karɓi cinikin gyaɗa. Farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma, manoma suka koma ga hatsi da wake. A Najeriya ma jirgin ya yi rauni, tirela ta gaje shi.

An sake ɗaga murya a watan Afrilu na 2014, ranar da aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai a zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikin kammalawa a farkon 2016. Sai dai shari'ar da ta taso a Benin kan wanda ke da haƙƙin kwangilar ta tsayar da aikin haɗa shi da Paraku, layin ya zauna bai yi jigilar da aka gina shi dominta ba. Layin dogo in bai haɗu da wani ba, kuma babu kaya a bakinsa, ƙarfe ne kawai a ƙasa.

A watan Fabrairu na 2021 Shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. An ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar a kan kusan dala biliyan 2. Wannan ne karo na farko da aka ɗora harsashin layin da zai kawo tasha cikin jihar Maraɗi, kimanin kilomita 120 daga Dakoro. Rufe iyaka da aka yi daga 2023 zuwa Maris na 2024 ya nuna cewa amfanin irin wannan hanya yana rataye da zaman lafiya tsakanin ƙasashen biyu.

Tarihin da ya gabata ya nuna cewa wanda ke kusa da tasha, mai sito da jari, shi ne ya fi cin ribar jirgi, mai noma da mai kiwo kuwa suka samu abin da ya rage bayan kuɗin hanya da na dillalai. Idan ana so wannan karo ya bambanta, akwai aikin da ya rataya a wuyan mutanen Dakoro da shugabanninsu: kula da hanyar Maraɗi da hanyoyin da ke shiga ƙauyuka, tsare burtali da mashaya daga masu cinye su da gona, riga-kafin dabbobi domin su samu karɓuwa a kasuwannin nesa, da haɗa kan manoma da makiyaya cikin ƙungiyoyin da za su iya tara kaya su yi ciniki da bakinsu. Haka nan sai an sa yara makaranta, domin tasha tana buƙatar masu lissafi da makanikai da ma'aikatan duwan, kuma ɗan ƙasa ya fi cancanta da waɗannan gurabu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba ƙasar Dakoro damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Amin.